Kafin a Zaɓi React ko Vue, a Leƙa Wayar Ɗalibin Kongo

Duk wanda ya ratsa ta bakin ƙofar harabar Kongo a makon rajista ya san yadda shagunan kafe suke cika maƙil. Ɗaliban shari'a da na sha'anin mulki na Jami'ar Ahmadu Bello, da yaran Tudun Wada da Gyallesu masu neman JAMB, kowa da takarda a hannu yana jiran layi ya zo kansa. Tun 1947 ake horar da akawuna a Kongo, tun kafin a kafa jami'ar a 1962, lokacin da cibiyar horon ta shiga ƙarƙashinta. Aikin da akawun wancan zamani yake yi da fayil da tambari, yau ya koma fom a cikin burauza: ka cike, ka danna, ka zauna jira.

A bayan kowane fom akwai wanda ya gina shi, kuma yanzu maginan ba daga Legas ko Indiya kaɗai suke zuwa ba. Matasan Zariya ne, waɗanda suka fito daga sashen kwamfuta na jami'ar da ke Samaru ko Kwalejin Nuhu Bamalli, ko suka koya da kansu a YouTube, suke karɓar kwangilar fotal na makarantun kuɗi da na Islamiyya, da manhajar ƙungiyar adashin ma'aikata, da ta kantin magani. Kafin su rubuta layi ɗaya sai sun tsai da shawara a kan firemwok ɗin da za su ɗora ginin a kansa, da kayan aikin da za su haɗa shi da su, da fulogin ɗin da za su aro, da kuma yadda shafin zai riƙa magana da uwar garke, wato kwamfutar da bayanan suke zaune a cikinta. Gardamarsu kusan duk a kan na farko take ƙarewa. Wannan ya ce React, wancan ya ce Vue, a raba dare ba a daidaita ba. Ni kuwa a ganina an kifa lissafin. Na ƙarshen, wanda ba a cika tsayawa a kansa ba, shi ne yake yanke hukuncin ko ɗaliba za ta bar kafe da takardarta a hannu ko za a ce mata ta dawo gobe.

Mu fara sallamar firemwok, tunda shi ne a bakin kowa. Tarin kod ne da wasu suka riga suka rubuta, wanda yake ɗauke wa magini wahalar sabunta abin da ke fuskar shafi duk lokacin da bayani ya canza. Yaren da firemwok ɗin burauza suke aiki da shi, JavaScript, Brendan Eich ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape a 1995. Facebook ta saki React a 2013, Evan You ya fito da Vue a 2014, Svelte ya biyo baya a 2016. Dukkansu za su iya gina fotal ɗin makaranta ba tare da gardama ba. Bambancin da ya shafe mu a nan biyu ne. Na ɗaya nauyi: React shi kaɗai, ko an matse shi, ya haura kilobayit 40 kafin magini ya ƙara komai nasa, alhali Preact da yake kwaikwayonsa bai kai 5 ba. Kilobayit na JavaScript kuwa ba ɗaya yake da na hoto ba, domin bayan waya ta sauke shi sai ta karanta shi, ta fassara, sannan ta aiwatar. A laftof ɗin magini ƙiftawar ido ne. A itel ko tsohuwar Tecno mai gigabayit 2 na ƙwaƙwalwa, farin shafi mutum zai zura wa ido. Ga kuma masu Opera Mini, wadda a yanayinta na tsimin data take sarrafa shafin a can kwamfutocin kamfanin ta aiko da sakamako. Shafin da komai nasa ya rataya a kan JavaScript sau da yawa ba ya aiki a cikinta yadda ya kamata.

Na biyu shi ne magaji. Maginin da ya yi aikin zai tafi bautar ƙasa, ko ya samu aiki a Abuja, makarantar kuma tana nan. Wa zai gyara in ta lalace? A nan React yana da rinjaye, don masu iya shi sun fi yawa, haka ma PHP da Laravel a ɓangaren uwar garke. Amma kada girman kamfani ya ruɗi kowa. Google ce ta fitar da AngularJS a 2010, duniya ta runguma, sai ga shi a 2016 ta sake rubuta shi daga tushe da sunan Angular, ta yadda tsohon aiki ba ya shiga sabon kai tsaye, sannan ta janye hannu daga tsohon a ƙarshen 2021. Waɗanda suka gina a kansa suka wayi gari da zaɓi biyu: su sake gini, ko su zauna da abin da ba mai toshe masa ɓaraka.

Labarin da ya fi wannan darasi shi ne na Google Web Toolkit, wanda ya fito a 2006. Dabararsa ta burge mutane ƙwarai a lokacin: ka rubuta komai da Java, shi kuma ya juya maka shi zuwa JavaScript. Don gwada aiki yayin rubutu, sai magini ya saka wani fulogin a burauzarsa. Tsakanin 2014 da 2015 Firefox da Chrome suka rufe ƙofofin da fulogin ɗin yake bi, ya mutu, dole aka ƙirƙiro wata hanyar gwaji daban. Haka kuma hanyarsa ta magana da uwar garke ta ɗaure ɓangarorin biyu da Java, ta yadda duk wanda daga baya ya so ya yi wa manhajarsa ƙanwa a waya sai ya sake buɗe wata ƙofar. Fulogin ɗin Flash ma haka ya ƙare a ranar 31 ga Disamba 2020. Abin da ya tsira cikin shekarun nan shi ne abin da burauza kanta ta sani ba tare da an yi mata ƙari ba: HTML, da CSS, da JavaScript, da HTTP.

Kayan aiki ba su buƙatar dogon zance. VS Code ya wadatar wajen rubutu. Wajen haɗa fayiloli a matse su, Webpack ya yi zamaninsa tun 2012, amma Vite da ya zo a 2020 ya fi sauri da sauƙin saiti, kuma ita kanta tawagar React ta yi ritayar Create React App a Fabrairun 2025, duk da cewa tsofaffin darussan bidiyo har yanzu da shi suke farawa. TypeScript na Microsoft yana da ɗan wahalar koyo, sai dai yana kama kuskure tun kafin ya kai ga jama'a, kuma yana bar wa magaji bayanin siffar kowane abu. Git kuwa farilla ne. Aikin makaranta guda bai kamata ya kwana a laftof ɗaya da filas ɗaya ba. Abin da darussan Amurka ba sa faɗa shi ne kuɗin da waɗannan kaya suke ci a nan. Umarnin npm install, mai sauke kod ɗin aro daga rumbun npm, sau ɗaya yana iya janyo megabayit ɗaruruwa, ga farashin data da hukumar NCC ta amince a ƙara da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, ga wuta da ba ta da alƙawari. Ba a manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da galibin Arewa ta shafe fiye da mako cikin duhu. Saboda haka kayan aikin da ke gudana a kwamfutarka ko babu intanet sun fi wanda sai da layi mai ƙarfi. Akwai kuma wani kayan aiki na kyauta da yawancin matasa ba su taɓa buɗewa ba: a cikin Chrome akwai wurin da magini zai rage saurin intanet da ƙarfin na'ura da gangan, ya ga shafinsa yadda mai ƙaramar waya yake ganinsa.

Fulogin kuwa daɗinsa a baki yake. Kana son kalanda a fom, akwai wanda ya rubuta. Kana son teburi, ko zanen ƙididdiga, ko tantance lambar waya, layi ɗaya ka buga ya shigo. Amma kowanne yana zuwa da nasa 'yan rakiya, su ma da nasu, har aikin mutum ɗaya ya rataya a wuyan ɗaruruwan mutanen da bai taɓa jin sunansu ba. A Maris ɗin 2016 wani magini ya yi fushi ya janye ayyukansa daga npm, cikinsu har da left-pad mai layi 11 kacal, sai dubban ayyuka a duniya suka kasa haɗuwa. A 2024 kuma aka sayar da adireshin polyfill.io, wanda shafuka fiye da 100,000 suke janyo kod daga gare shi, sai kawai ya fara aiko da mugun kod mai karkatar da masu waya zuwa wasu shafuka. Masu shafukan ba su taɓa komai ba, wanda suka amince wa ne ya canza hannu. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: duk fulogin da ka saka, ka ɗauki nauyin bibiyar sabuntawarsa muddin manhajar tana raye. Kuma da yawa daga cikinsu burauza ta riga ta koyi aikinsu. Masu Moment.js da kansu suka sanar a 2020 cewa kada a fara sabon aiki da shi, amma har gobe ana loda shi don kawai a rubuta kwanan wata.

Akwai wata illa ta fulogin da mu kaɗai muke jinta a jikinmu. Wanda ya rubuta mai tantance suna a wata ƙasa yana iya ƙaddara cewa suna haruffa ne zalla daga A zuwa Z. Sai Sa'adatu ta zo, ko Mu'azu, ko Isma'il, ta rubuta sunanta daidai, akwatin ya yi ja, ya ce sunan ba ingantacce ba ne. Mai kafe, wanda ya saba, sai ya ce, "Hajiya, a cire wannan alamar kawai zai wuce." Ya wuce ɗin, amma yanzu sunan da ke fotal ya saɓa da na takardar sakandare, rigimar da za ta iya kai mutum kotu neman takardar rantsuwa. In kuwa alamar ta tsallake fom ɗin ta je ta rikita rumbun bayanai, to wannan ya fi muni, don alama ce cewa ana cusa rubutun mutane kai tsaye cikin umarnin rumbun, ƙofar da ɓarayin intanet suka fi so ke nan. Haka ɓ da ɗ da ƙ suke komawa alamar tambaya idan ba a saita komai a kan UTF-8 ba, daga shafi har rumbu, haka ma alamar naira. Abin kunya ne a garin da ya fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 a ce fom ya kasa rubuta Ɗanladi. Lambar waya kuma, in aka ajiye ta a matsayin adadi maimakon rubutu, sifilin farko zai faɗi, lamba 11 ta koma 10.

Yanzu mu zo ga gundarin maganar. Duk lokacin da shafi ya nemi wani abu daga uwar garke, tamkar aiken yaro ne daga Tudun Wada zuwa kasuwar Sabon Gari. In ka aike shi ya sayo gishiri, ya dawo ka ce af, ka manta da barkono, ya sake dawowa ka tuna da daddawa, ba nauyin kayan ne ya cinye yinin ba, zirga-zirgar ce. Uwar garken da ke Landan ko Frankfurt, ko a kan layi mai kyau, zuwa da dawowa ɗaya yana cin wajen kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, a sabis ɗin waya mai rauni kuma ya ninka hakan sau da yawa. Kafin ma a fara magana akwai gaisuwar neman adireshi da ƙulla layi da ɗaure shi da makulli. Manhajar da aka gina ta yadda sai ta sauke JavaScript, sannan ta tambayi wane ne ya shigo, sannan ta tambayi ajinsa, sannan darussansa, sannan kuɗin da ake binsa, ta yi aike biyar a jere, kowanne yana jiran na gabansa.

Hanya mafi tsufa ita ce uwar garke ta haɗa shafin gaba ɗaya ta aiko da shi a gama. Laravel da Django haka suke yi tun asali. Matasa suna yi mata kallon tsohon yayi, amma ga fom na rajista da duba sakamako da fitar da rasit, ban san wadda ta fi ta ba: aike ɗaya, kuma ƙaramar waya ba ta da wani aiki sai nunawa. Wanda yake son wani sashe ya riƙa canzawa ba tare da an sake buɗe shafin duka ba, htmx da bai kai kilobayit 20 ba zai yi masa. Manyan firemwok ɗin ma, ta hanyar Next.js da Nuxt, can suka sake komawa bayan sun sha yawo.

Idan manhajar ta ma'aikaci ce da zai wuni a cikinta, kamar akawun makaranta ko malamin da ke shigar da maki, ko kuma ana da niyyar yin ta Android nan gaba, to a raba fuska da uwar garke, su riƙa musayar bayanai da JSON bisa tsarin REST, wanda Roy Fielding ya fayyace a kundin digirinsa na uku a shekarar 2000. Kowane yare ya iya shi, kowane magaji zai gane shi. Sharaɗin kawai a tsara amsa daidai da buƙatar kowace fuska, a haɗo sunan ɗalibi da darussansa da bashinsa a tafiya ɗaya. GraphQL, da Facebook ta ƙera a 2012 saboda manhajarta ta waya ta kuma sake shi a 2015, wannan matsalar ya zo magancewa: shafi ya faɗi ainihin abin da yake so, a ba shi shi kaɗai. Yana da kyau inda tawaga take da yawa kuma fuskokin sun bambanta. Ga fotal mai shafi goma da magini ɗaya, ƙarin kaya ne, don adana amsa ya fi wuya a cikinsa, kuma tambaya ɗaya marar kan gado tana iya durƙusar da rumbun. WebSocket, da aka daidaita a 2011, layi ne da ake bari a buɗe don hira kai tsaye. In ba hira ko gwanjo kake ginawa ba, ka bar shi, domin waya tana sauya turke layin zai yanke, kuma ranar fitar sakamako kowane ɗalibi zai riƙe wa uwar garke igiya ɗaya. Don sanin ko kuɗi sun shiga, tambaya duk bayan daƙiƙa goma ta isa.

Amma duk hanyar da aka ɗauka, tambayar da ke bambanta ƙwararre da ɗan koyo ita ce: me zai faru idan sabis ya ɗauke a tsakiya? Ɗalibi ya danna maɓallin aikawa, saƙon ya isa, uwar garke ta rubuta, amsa ta taso, netwok ya yanke kafin ta iso. Shi abin da yake gani alamar jira ce tana ta juyawa. Zai sake dannawa, ba laifinsa ba ne. In ba a yi tanadi ba, an yi masa rajista biyu, ko an cire masa kuɗi sau biyu. Maganin ba wani fulogin ba ne. Tun da aka buɗe fom ɗin a ba shi lamba tasa shi kaɗai. In lambar ta sake zuwa, uwar garke ta gane tsohon saƙo ne, ta maimaita amsar farko ba tare da ta sake aikin ba. Ɗaliban makarantun tarayya sun san irin wannan dabara ko da ba su san sunanta ba, don tun da aka tilasta asusun bai-ɗaya na gwamnati a 2015 sai an ciro lambar RRR ta Remita kafin a biya, kuma da ita ake bin sawun kuɗin daga baya.

Jumlar da ta fi yawo a bakin kafe ita ce, "Malam, an cire kuɗin amma bai nuna ba." Sau da yawa dalilin shi ne an bar wa burauzar mai biya aikin kai labari cewa an biya. Wayar ta mutu, ko an rufe shafin, labarin ya salwanta. Kamata ya yi uwar garken makaranta ta ji kai tsaye daga ta kamfanin biyan kuɗi, ko Remita ne ko Paystack ko Flutterwave, ta kuma sake tambaya da kanta ta tabbatar da adadin. Mabuɗin sirri na asusun ba ya shiga kod ɗin da ake aika wa burauza, domin duk abin da ya je can kowa na iya karantawa. Haka tantancewar da fom yake yi a waya, kyautatawa ce ga mai cikewa, ba tsaro ba; dole uwar garke ta sake dubawa. Gwaji mai sauƙi: ɗalibi ya canza lambarsa a adireshin shafi ya sa ta abokinsa. In sakamakon abokin ya buɗe, an karya dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023, kuma ba firemwok ɗin da zai hana wannan.

Sannan a bar mutum ya ajiye abin da ya cike. Burauza tana da ma'ajiya a cikin waya, kuma tana iya riƙe shafi ya buɗe ko babu intanet. Malamin da ya shigar da makin yara sittin bai kamata ya faro daga farko ba don sabis ya yi ƙyafta. A yankin da aka taɓa rufe layukan waya na makonni, kamar yadda aka yi a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Kaduna da Katsina a 2021, wannan ba ƙawa ba ce.

Saura inda uwar garken za ta zauna. Firebase da ire-irensa suna ɗauke wa magini kusan komai, shi ya sa 'yan furojet suke son su. Amma da dala ake biya, kuma dalar da take ƙasa da naira 500 a hukumance a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Fita daga cikinsu ma ba sauƙi. Facebook ta rufe Parse a Janairun 2017, Heroku ta soke tsarinta na kyauta a Nuwamban 2022, kowanne ya bar mutane suna kwashe kaya. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma, da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, duk wanda bayanansa suke Turai ya ji a jikinsa. Ba cewa nake ajiya a gida ba ta da nata matsalolin ba. Cewa nake a gina ta yadda za a iya ɗauke ta a koma wani wuri cikin kwana ɗaya, tare da kwafin rumbun a hannun mai makaranta.

Ga fotal ɗin da ɗalibai da iyaye za su shiga da waya, hukuncina shi ne uwar garke ta haɗa shafin, a yayyafa JavaScript kaɗan inda ya zama dole. React ko Vue da REST a bar wa fuskar ma'aikata. Ku kuma shugabannin makarantu da ƙungiyoyi masu ba da kwangila, kada ku karɓi aiki a ofis a kan laftof ɗin magini da wayfai. Ku ari ƙaramar waya, ku cike fom ɗin da sunan Sa'adatu, ku kashe data ana tsakiyar biya, ku kunna, ku sake dannawa. In komai ya fito daidai, kuma an miƙa muku kod ɗin da mabuɗan shiga, sannan ku biya cikon kuɗin.